Inda Ƙarfen Baban Ladi Ya Karye

Tun da muka dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. A coci, a kasuwa, har a bakin famfo, kowa sai ya tsayar da ni: Maman Ladi, wai da gaske ƙarfen ya karye? To yaya aka yi? Na ba da labarin a tsaye ban san adadi ba, kuma kowane lokaci akwai wuri guda da nake tsallakewa. Yau na zauna in rubuta shi duka, har da wurin da nake tsallakewa, don matan zumunta na cocinmu su karanta su bar ni in sha ruwa.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Saratu, mijina Yohanna, wanda kowa ke kira Baban Ladi. Ya gama ƙuruciyarsa a aikin reluwe a nan Kafanchan, mai duba layi. Aikinsa shi ne ya bi dogo da ƙafa riƙe da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Ya ce ƙarfe mai lafiya da muryarsa, wanda ya tsage ma da tasa. Har yau idan na sayo tukunya sai ya buga ta da cokali ya faɗa mini ko an cuce ni. Ni kuma citta nake tsagawa ina shanyawa, kuma ni ake kira idan mace ta haihu a unguwarmu in gasa mata jiki. Hannuna yana da ƙarfi. Ban taɓa ɓoye wannan ba, alfahari ma nake da shi.

Shekara biyu da suka wuce ciwon ƙirji ya kayar da shi a bakin ƙofa. Babbar 'yarmu Ladi, wadda ke aiki a Abuja, ta zo ta ɗauke shi. Ni ban je ba, don ƙanwarta na kan gwiwa a lokacin. Da suka dawo aka ce jijiyar da ke ba zuciyarsa jini ce ta toshe, an buɗe ta an sa mata wani ɗan bututun raga na ƙarfe mai magani a jiki, don kada ta sake rufewa. Likitoci na kiransa sitent. Mu a gida ƙarfen kawai muke cewa. Ya warke sarai, yana shan magungunansa, yana zuwa ƙungiyar waƙa, har yana hawa mashin ya je Kwoi gaida yayarsa.

Ga wurin da nake tsallakewa. A tsakiyar daminar bana tari ya kama shi. Na yi abin da na saba yi masa tun muna yara a aure: na dafa ruwa, na tsoma tawul, na gasa masa ƙirji, sannan na shafa man zafi na danna da tafin hannuna biyu. A dannawa ta uku na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin hannuna. Ya ce wash, sannan ya yi dariya ya ce in ci gaba. Ban ci gaba ba. Bayan mako biyu, muna hawa ɗan tudun nan na hanyar coci, ya tsaya ya dafe ƙirji. Tun daga ranar, duk tafiyar da ta ɗan yi nisa sai ciwon ya tsayar da shi.

Likitan da muka gani a nan ya ce mai yiwuwa jijiyar ce ta sake matsewa, kuma a wasu mutane kaɗan ƙarfen kan karye, don haka mu koma inda aka sa shi. Ya yi bayani mai tsawo, amma a cikin danginmu kalma ɗaya aka ɗauka, ita ce karyewa. Ni kuwa na riga na san wanda ya karya. Ban faɗa wa kowa ba. Na daina taɓa ƙirjinsa, ko riga ba na taya shi sawa. Mata uku suka haihu a unguwa a tsakanin nan, duka ukun na ce hannuna ke ciwo.

Yayarsa Hannatu ta zo daga Kwoi kafin a yi waya ta biyu. Ita ta goye shi yana jariri, kuma har yau tana yi masa magana kamar bai sauka daga bayanta ba. Ta zauna a tsakar gidana ta yanke hukunci. "Ƙarfe ba ya karye da kanshi. Wani ne bai kula ba. Idan mun dawo daga Abuja, Yohanna zai zauna a wurina a Kwoi, ni zan duba shi da kaina." Ba ta kira suna ba, amma ni take kallo. A da, da na ba ta amsar da za ta kai ta tasha. Ranar na yi shiru, don a ganina gaskiya ta faɗa.

Muka sa ranar Litinin. Maƙwabcinmu Malam Buba, Bafulatani ne da ya bar kiwo ya koma tuƙi, shi ya ce zai kai mu da motarsa, ba zai ɗauki wani fasinja ba. Da hantsi muka tashi, muka biya Kwoi don ɗaukar Yaya Hannatu. Mun tarar da ita a bakin titi da jakar leda babba da matasan kai guda huɗu. Na ɗauka na kwana ne. Ashe na hanya ne. Ta fito da Baban Ladi daga gaban mota, ta sa shi a tsakiyar kujerar baya, matashi ɗaya a bayansa, ɗaya a kowane gefe, na huɗun ta ɗora a ƙirjinsa ta ɗaure da ɗankwali. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga ƙarfen dogo ya zauna kamar ƙwai a cikin dusa, ni a dama, ita a hagu.

"Baba Reluwe, yau kai ne amarya," in ji Malam Buba.

Baban Ladi ya fara dariya, Yaya Hannatu ta daka masa tsawa. "Kada ka yi dariya! Dariya yana jijjiga ƙirji." Ta juya ga direba. "Kai kuma ka taka sulo-sulo. Mutum ka ɗauka, ba buhu ba."

Wanda ya san hanyar Kwoi zuwa Keffi a ƙarshen damina ya san abin da ake nufi da sulo-sulo. Kowane rami sai Malam Buba ya tsaya cak, ya shiga da taya ɗaya, ya fita, sannan ɗaya. Masu mashin ɗauke da buhunan citta suna wuce mu. Wata babbar mota ta katako ta wuce mu. A wani wuri shanu suka wuce mu, Malam Buba ya leƙa ya gaisa da makiyayin da Fillanci, suka yi hira mai tsawo ba tare da ɗayansu ya tsaya ba. Duk ramin da muka faɗa sai Yaya Hannatu ta ce "Yesu!" ta danne matashin, ni kuma sai in ƙanƙame hannuwana a cinyata. Ita tana tsoron hanya, ni ina tsoron hannuna.

A shingen da ke kan iyakar jiharmu da Nasarawa wani soja ya leƙo, ya daɗe yana kallon mutumin da ke cikin matasai. Ya tambaya ko haɗari aka yi. Da Malam Buba ya yi masa bayani sai ya saki fuska ya ce ai babansa ma yana da irin wannan ƙarfen, kuma yanzu haka yana gona. Ya ɗaga mana hannu. Mun yi nisa kaɗan Yaya Hannatu ta ce, "Shi ya sa yaran yanzu ba su da iyaye."

A Keffi muka tsaya Malam Buba ya yi sallar azahar. Ni na fito da kwanon da na taho da shi, tuwon acca da miyar karkashi, ba gishiri sosai, ba mai. Ga masu tsire a tsallaken titi, hayaƙi yana zuwa mana kai tsaye. Baban Ladi ya ci acca yana kallon tsire, Yaya Hannatu tana kallonsa, ni ina kallon ƙasa. Ya ce mini a hankali, "Maman Ladi, yau ba ki da magana." Na ce hanya ce ta gajiyar da ni. Ya ce hanyar ta fara gajiyar da ni tun tsakiyar damina ke nan.

Daga Keffi titi ya yi kyau, sai muka faɗa cunkoson Mararaba. Wannan kam Yaya Hannatu ta yaba da shi, don mota ba ta motsi balle ta jijjiga. Tafiyar da mutane ke yi su je su dawo a yini guda, mu rana ta yi sanyi kafin muka isa gidan Ladi a Karu.

Ladi tana zaune a bene, hawa na uku, ɗaki da falo. Yaya Hannatu ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai ta ƙirga tagogi, ta ce sai dai a ɗauke shi a kujera. Baban Ladi ya kwance ɗankwalin, ya miƙa mata matashin, ya ce shi da ƙafarsa zai hau ko da zai kwana a hanya. Ya hau, yana hutawa a kowane hawa, zufa na keto masa. A hawa na biyu ya dafe bango ya rufe ido, Ladi ta sa masa ƙwayar maganin ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe. Ina tsaye kusa da shi, hannuna ya tafi zai dafa ƙirjinsa, na janye shi. Ya buɗe ido ya gani. Wannan ya fi mini hawan benen ciwo.

Zaman Abuja kwana biyar muka yi, kuma ga abin da na gani. Mutane suna zaune ƙofa da ƙofa ba su san sunan juna ba. Na gaida matar da ke kallon ƙofar Ladi, na tambaye ta yara da maigida, ta dube ni kamar na zo roƙo. A gida idan an ji an kawo mara lafiya, kafin ka ajiye jaka an kawo kunu kwano uku. A can babu wanda ya leƙo, sai wani da ya ƙwanƙwasa ya ce motar Malam Buba ta tare masa hanya. Ruwa ma sai an kira mai kura ya hau da jarka. Abinci kuwa Ladi ta danna waya aka kawo a roba, shinkafa da ɗanyen ganye a gefe. Yaya Hannatu ta tsince ganyen ta wanke ta dafa shi. Amma in faɗi gaskiya, matar nan da ta ƙi amsa gaisuwa ita ce ranar Laraba ta ga muna jiran mota ta kai mu asibiti da tata, ba ta ce uffan ba har muka isa. Har yau ban san sunanta ba.

A ƙofar asibitin akwai mai gadi da wata sanda da yake bi da ita jikin kowa, tana ƙara idan ta ji ƙarfe. Da ya ɗaga ta zai bi ƙirjin Baban Ladi, Yaya Hannatu ta shiga tsakani ta buɗe hannuwa. "Kada ka kawo wannan abu kusa da shi! Zai ja ƙarfen ya fito." Mai gadin ya ce ba ta ja, ita dai ji take yi. Ta ce to ta ji daga nesa. Layi ya taru a bayanmu, Ladi ta rufe fuska da jaka. A ƙarshe ya bar mu muka wuce, yana girgiza kai.

A ɗakin jira na zauna kusa da wani dattijo, manomi daga Kauru, wanda ya zo duba nasa ƙarfen. Ya ce shekara shida yana ɗauke da shi, yana huɗa, yana hawa mashin a hanyoyin da suka fi namu lalacewa, ya taɓa faɗuwa daga kan jaki, ko gezau. Yaya Hannatu ta ce Allah ne ya tsare shi. Ya ce tabbas. Ni kuma na ce a raina, shi matarsa ba ta da hannu irin nawa.

Likitar mace ce, doguwa, mai gilashi, Hausarta irin ta mutanen Zariya. Ba ta fi Ladi shekaru da yawa ba. Ta karɓi katin da aka ba shi wancan karon, mai ɗauke da irin ƙarfen da tsawonsa da jijiyar da aka sa shi. Baban Ladi ya adana shi a cikin littafin waƙoƙinsa, ko lanƙwasa bai yi ba. Ta ce da kowa yana ajiye kati haka da aikinta ya yi sauƙi. Aka shiga da shi. Ba a sa shi barci ba. Ta jijiyar wuyan hannu suka zura siririyar roba har zuwa zuciya, suka tura wani ruwa da ke bayyana a hoto. Mu muna waje, Yaya Hannatu tana addu'a da ƙarfi da yarensu, ni ina yi a ciki, kuma abu ɗaya nake roƙo: idan ni ce, Ubangiji ya bar shi da rai ko da a Kwoi ne.

Bayan ya huta, likitar ta kira mu duka ɗakinta. A gida likita yakan rubuta ya miƙa maka ka tafi. Ita sai ta juyo mana da allon na'urarta. Muka ga jijiya baƙa tana wutsil-wutsil kamar tsutsa a ruwa, ta lanƙwashe ta miƙe, ta lanƙwashe ta miƙe. Ta ce wannan ita ce jijiyar dama ta zuciyarsa. Ta tsayar da hoton ta ƙara masa girma, sai ga ragar ƙarfen kamar inuwa.

Kafin ta nuna komai, Baban Ladi ya matso da kujera, ya sa tabarau, ya miƙa yatsan hannun da ba a ɗaure ba. "Likita, ƙarfe biyu ne nan, ko?"

"Biyu ne, Baba. Toshewar doguwa ce, ɗaya bai isa ba, sai aka sa na biyu, bakinsa ya hau kan na farko."

"To a nan ya karye. A gefen joyin. Ga shi kuma a kan kwana."

Ta cire gilashi ta dube shi. "Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Layin dogo ba ya tsagewa a inda ya miƙe. Kullum a joyin muke samu, inda aka haɗa biyu, wuri ɗaya ya yi tauri, kusa da shi yana lotsawa. Ko a kwana. Idan kuma ƙasan wurin dutse ne, ba ya ba da kai, ya fi saurin tafiya."

Ta ce to ai ya gama mata aikin. Ta bi da mu ɗaya bayan ɗaya duk da haka. Jijiyar dama ta fi sauran motsi, duk bugun zuciya sai ta lanƙwashe. Tasa kuma tana da kwana mai kaifi. Ƙarfen yana da tsawo, ga haɗi, ga bangon jijiyar ya yi tauri kamar ƙashi saboda shekaru. Ta ce yawancin mutane nasu ba ya karyewa har abada, amma idan waɗannan abubuwa suka haɗu a mutum ɗaya, haɗarin ya fi yawa, shi kuwa duka ya tara. A inda ya karye, tsoka ta tsiro ta matse hanya, jini ya ragu, shi ne ciwon da ke tsayar da shi a kan tudu. Baban Ladi ya ɗauki 'yar wayar maƙale takarda a kan teburinta, ya miƙe ta, ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya har ta rabu biyu. Ya ajiye a gaban yayarsa. Ya ce, "Ba jirgi ɗaya ke karya layi ba, Yaya. Wucewa ce ta kullum."

"Ramin hanya fa?" in ji Yaya Hannatu. "Da mashin?"

"Ba su ba ne, Mama. Zuciyarsa ce da kanta take lanƙwasa shi, yana zaune, yana barci, ko yana cikin matasai." Ashe Ladi ta ba ta labari. "Akwai wata tambaya?"

Ban shirya ba. Bakina ne ya buɗe. Na ce, "Likita, ni na danna." Duka suka juyo. Na faɗa mata komai, tarin, ruwan zafin, man zafin, tafin hannuna biyu, da ƙas ɗin da na ji. Na ce hannuna ba irin na sauran mata ba ne, citta nake tsagawa. Na miƙa mata su a kan tebur ta gani. Na ji kunya ƙwarai, amma na kai ƙarshe.

Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta kama hannuna ta ɗora a kan nawa ƙirjin ta ce in danna. "Me kika ji?" Na ce ƙashi. Ta ce, "To ƙarfen yana bayan wannan ƙashin, a cikin jijiya, a jikin zuciya. Tausa ba ta kai can. Ƙarar da kika ji gaɓar haƙarƙari ce, irin wadda yatsa ke yi idan an ja shi. Ba ke ba ce, Mama. Sai dai ki rage ƙarfi, ki rage zafin ruwan, don maganin da yake sha yana sa jini ya kwanta a ƙarƙashin fata da wuri."

Ina jiran abin da Yaya Hannatu za ta ce, don na ba ta sanda da hannuna. Sai na ji wata ƙaramar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. "Likita, buhun citta fa? Idan mutum ya taya wani ɗaga buhu ɗaya. Ko biyu." Likitar ta ce kaya mai nauyi yana iya tayar da ciwon idan jijiya ta riga ta matse, kuma gara ya bari, amma ba ya karya ƙarfe. Na juya na kalli Yaya Hannatu, don na gane ita ya taya ɗaga buhu a Kwoi. Ita kuma ta sami wani abu mai muhimmanci a cikin jakarta tana nema. Baban Ladi kuwa ni kawai yake kallo.

Washegari aka yi aikin, ta wuyan hannu kamar jiya. Suka buɗe wurin da ya matse, suka sa wani gajeren ƙarfe mai laushi wanda ya fi bin kwana. Likitar ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce jijiyar dai ita ce, kwanar tana nan, don haka yana iya sake faruwa. Kada ya bar maganin tsinka jini ko na kwana ɗaya sai da izininta, ko ana azumi a coci, ko wani ya kawo na gargajiya. Idan ciwon ya dawo mu taho, kada mu zauna muna neman mai laifi. Ya kwana biyu a can. Ranar da aka sallame shi ya hau benen Ladi da hutu ɗaya tak, kuma ya ce wannan ma don ya jira mu ne.

Malam Buba ya dawo ɗaukarmu ranar Asabar. Baban Ladi ya buɗe gaban mota ya zauna. Matasan huɗu suka tafi but ɗin mota tare da kayanmu, ba wanda ya yi maganarsu. A Keffi ya sake kallon tsire, wannan karon ni na hana. Ramukan suna nan inda muka bar su, Malam Buba ya bi su yadda ya saba, Yaya Hannatu ta ce "Yesu" sau biyu kawai.

Da muka shiga Kwoi gabana ya faɗi, don ba a sake tayar da maganar zamansa ba, ba a kuma janye ta ba. Mota ta tsaya a bakin titi. Yaya Hannatu ta fita, ta ɗauki jakarta da matasanta. Ta zagayo wajen ƙaninta ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zo wajena. Ta ce, "Saratu." Na ce na'am, Yaya. Ta ce, "Yana son ruwan gasa ƙirjin da ɗan citta a ciki. Haka nake yi mishi yana ƙarami." Ta buga saman motar sau biyu ta ce Malam Buba ya tafi kafin rana ta faɗi. Wannan ne neman gafarar da zan samu daga wurinta, kuma na karɓa.

Bayan kwana huɗu da dawowarmu aka yi ruwan ƙarshe, sanyi ya sauko, ya tashi da ɗan tari. Da rana ina tsaga citta a tsakar gida sai na ga ya fito da tawul a kafaɗa, ya ɗora tukunya a wuta da kansa. Ya kawo ruwan ya ajiye a gabana, ya zauna a tabarma ya cire riga.

Ya ce, "Wata uku kina ɗauke da wannan abu ke kaɗai."

Na ce e.

"Ni kuma wata uku ina cewa kin ga mutuwa a jikina, shi ya sa kike janye hannu. Na ce to, matar nan ta fara koyon zama ba ni."

Ban san haka ya ɗauka ba. Duk tsawon lokacin ina tsoron kada in kashe shi, shi yana ganin na riga na binne shi. Na yi kuka a nan, da wuƙar citta a hannuna, ba na jin kunyar faɗa. Ya bari na gama. Sannan na wanke hannu, na jefa citta ɗaya a ruwan, na taɓa shi da gwiwar hannu na sirka. Na matse tawul na shimfiɗa masa a ƙirji. Da na zo dannawa hannuna ya tsaya a sama. Ya kama shi ya ɗora da kansa, na ji zuciyar tana bugawa a ƙasa, tana aikinta. Na danna kaɗan.

"Wannan ba hannun Maman Ladi ba ne," in ji shi. "Ƙara."

Na ƙara, amma ba kamar da ba, don likita ta ce in rage.